Jan Ɗigo a Bangon Ɗakin Hatsi

Damina na shirin ɗaukewa a shekarar da aka katse layukan waya a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa saboda 'yan bindiga. Malam Mas'udu, mai koyar da fiziks a wata sakandare a Ƙanƙara, ya kai matarsa Bilki goyon ciki gidan iyayenta a Damari ta ƙasar Sabuwa tun kafin a katse, kuma tun daga nan bai sake jin muryarta ba. Watan haihuwarta ya kama. Duk direban da ya tambaya labarin Damari sai ya ce shi ba ya bi ta can. Da zaman jira ya ishe shi, ya zuba tufafi a jaka da sassafe ya nufi tasha.

A ƙasan jakar akwai wani gwangwanin madara da ba ya rabuwa da shi. Makarantarsu ba ta da kayan gwaji, don haka shi ya haɗa nasa: 'yar fitilar leza mai kamar biro wadda ke fitar da jan haske, guntayen leda mai duhu da ya ɓare daga fuskar matattun wayoyi a wurin masu gyara, siririyar wayar tagulla, reza, salatif, da abubuwan maƙale shanya. An rufe makarantar, bai yarda ya bar gwangwanin a ɗakin da ba kowa ba.

Motar ba ta kai su ko'ina ba. Suna cikin ƙasar Faskari, gaba da Tafoki kaɗan, wata mota da ta fito daga gaba ta yi wa direbansu fitila, suka yi magana ta taga, direban ya juya kan mota ya ce shi ya fasa. Fasinjoji suka koma tare da shi. Mas'udu kaɗai ya sauka. Wani mai faskare ya nuna masa hanyar ƙafa ta cikin gonaki, ya ce in ya bi ta Unguwar Hadi zai faɗa titin da ake samun motar Sabuwa.

Rana ta take lokacin da ya shigo Unguwar Hadi. Bai ga awaki ba, bai ga shanu ba, wasu gidajen bakin gari duk sun ƙone. Yana tsaye yana duban su aka ce masa, "Kai! Tsaya nan."

'Yan sa-kai ne, masu tsaron garin, da bindigogi ƙirar gida da adduna. Babbansu wani dogon mutum ne mai jajayen idanu, suna kiransa Gide. Ya tambayi Mas'udu daga ina, zuwa ina, wa ya sani a garin. Mas'udu ya amsa, ya miƙa katin aikinsa.

Gide bai ko karɓa ba. "Wanda muka kama bara ma kati gare shi. Nasir, zazzage jakar."

Nasir ya zazzage ta a ƙasa. Gwangwanin ya buɗe, kayan suka watse. Ya ɗauki fitilar yana juya ta, ya danna maɓallin bisa kuskure. Jan ɗigo ya sauka a bangon masallaci.

Wata mata da ke leƙe daga zaure ta ƙwala ihu ta faɗi.

Mas'udu bai san abin da ya faru a garin ba sai daga bakin masu dukansa. A makon da ya wuce 'yan bindiga sun shigo, sun tafi kai tsaye gidajen masu shanu kamar an zana musu. Wasu bindigoginsu na da irin wannan jan hasken. Mutane sun ga ɗigon yana yawo a bango, ya sauka a ƙirjin Yahya, ƙanen Gide, kafin a harbe shi a ƙofar gidansa. Matar da ta faɗi matar Yahya ce.

"Infoma ne, ɗan rahoton mutanen daji!" wani ya ce. "Da wannan shike nuna masu gidaje!"

"Wallahi malamin makaranta ne ni! Kayan koyarwa ne!"

Gindin bindiga ya same shi a kafaɗa, ya kifa. Ya miƙa hannu zai tattara ledojin kada a tattake su, wani ya taka hannun da takalmin roba mai kauri, ya murza. Ya ji ƙarar yatsunsa kafin ya ji zafin.

"Ku kira shugaban makarantarmu," ya ce yana haki. "Lambarsa na cikin wayata. Ku kira surukina a Damari, ku kira..."

Sai ya tuna. Babu layin waya daga nan har inda ƙafa za ta kai mutum a yini. Duk wanda ya san shi a duniya yana can inda murya ba ta zuwa.

Gide ya ce a kawo igiya. An ɗaure masa hannuwa ta baya, ana jan sa zuwa bayan gari, sai ga wani tsoho ya fito daga masallaci yana dogara sanda. Mai unguwa ne, Baba Mani. Bai ɗaga murya ba, ya dai tsaya a tsakiyar hanya.

"Gide, ina za ku da shi?"

"Baba, ka kauce. Ga abin da muka samu jakarshi."

Tsohon ya karɓi fitilar, ya duba, ya dubi Mas'udu. "Yaro, mi ake koyarwa da wannan?"

"Haske, ranka shi daɗe. Yadda haske ke tafiya. Zan iya nunawa. Don Allah a ba ni ɗaki mai duhu kawai, in na kasa ku yi abin da kuka ga dama."

"Ƙarya zai shirya mana," in ji Gide.

"To mu ga ƙaryar," in ji Baba Mani. "Daga nan zuwa kiran La'asar. Jinin mutum ba ya lalacewa don an jira La'asar."

Aka kai shi ɗakin hatsin mai unguwa, ɗakin ƙasa marar taga, cike da buhunan sabuwar masara. Baba Mani da Gide da Nasir suka shiga tare da shi, aka rataya bargo a ƙofa. Sauran mutanen gari suka taru a waje, yana jin numfashinsu da gunaguninsu ta bayan bargon. Suka kwance shi, suka ajiye masa jakarsa da kayan gwangwanin. Yatsu biyu na hannun damansa sun kumbura sun karkace, ba ya iya lanƙwasa su.

Ya kifa turmi, ya ɗora fitilar a kai, ya matse maɓallinta da abin shanya don ta zauna a kunne. Abin da yake buƙata shi ne ya tsayar da siririyar wayar a tsakiyar hasken, ta raba shi biyu. Amma wayar an tattake ta, ta lanƙwashe. Ya miƙar da ita da haƙori da hannun hagu, ya tsayar. A bango babu komai sai jan tabo guda mai ɗan yaɗuwa.

Ya gyara. Tabo. Ya sake gyarawa, wayar ta faɗi cikin ƙwayoyin masara a ƙasa. Ya durƙusa yana lalube cikin duhu, gumi na shiga idonsa. Bai same ta ba.

"Ka gani, Baba?" in ji Gide.

"Akwai abin sauraren waya cikin aljihun jakata," in ji Mas'udu. "Don girman Allah a ba ni."

Nasir ya jefo masa. Ya yanka igiyar abin sauraren da reza, ya zare silin tagulla ɗaya, siriri kamar gashi, ya ɗaure shi a miƙe tsakanin ƙafafun wani abin shanyar. Hasken fitilar ya fara raguwa, batirin ya tsufa. Ya kashe ta, ya ciro batiran ya murza su a cinyarsa, yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Ya tuna kuma cewa bangon ya yi kusa. Ya roƙa a ja turmin baya har ƙofa, a janye buhunan da ke tsakani. Nasir ya dubi Gide, Baba Mani ya sa sandarsa ya nuna buhunan. Aka janye.

Ya kunna. Ya matsa silin a hankali har ya shiga tsakiyar hasken.

A bangon, jan tabon ya baje gefe da gefe, ya rabu gida-gida: haske, duhu, haske, duhu, a jere kamar haƙoran matsefi.

Mas'udu ya dafa turmin.

"Ranka shi daɗe, ka matsa kusa ka gani. Silin nan ya raba wa hasken hanya biyu, dama da hagu. In ka jefa tsakuwa biyu a tafki, da'irar ruwan wannan na haɗuwa da ta wancan, wani wuri su ƙaru, wani wuri su kashe juna. Haka hasken dama da na hagu suka yi. Inda suka kashe juna, shi ne duhun."

Tsohon ya kai fuskarsa dab da bango. "Haske da haske su haɗu su ba da duhu?"

"Haka ne. Amma ba nan abin mamakin yake ba. Haske ƙwayoyi ne ƙanana, ƙanana ƙwarai. Masana sun gwada a manyan ɗakunan bincike, suna sakin ƙwaya ɗaya tak, ta isa bango, sannan su saki wata. Ba ta da abokiyar karo. Amma da ɗigon suka taru, sai ga jeren nan ya fito. Kamar kowace ƙwaya ta bi dama da hagu gaba ɗaya."

"Mi ya haɗa wannan da ɗan'uwana?" in ji Gide.

"Babu, yallaɓai. Abin da nake faɗa ke nan. Babu. Bari in ƙarasa."

Ya ɗauko guntayen ledar guda biyu da ya daɗe da mannawa gefe da gefe da salatif. Allah ya sa ba su yage ba. Ya yi bayani da sauri cewa wannan ledar tana tace haske: ta dama tana barin mai kaɗawa a tsaye ya wuce, ta hagu mai kaɗawa a kwance. Wato duk ƙwayar da ta wuce za ta fita da alamar gefen da ta bi, kamar yadda ake tsaga kunnen akuya a san mai ita. Ya manna silin a kan mahaɗar ledojin, ya saka a gaban fitilar, yana juya fitilar kaɗan-kaɗan har hasken gefen biyu ya daidaita.

Jeren ya ɓace. Sai jan shafe guda, ba duhu a tsakani.

"Kun gani? Da zarar an iya sanin hanyar da ƙwayar ta bi, sai ta daina yin kamar ta bi duka biyun."

Nasir ya ja da baya har ya taka buhu. "Wato hasken ya san ana kallonshi! Baba, aljani ne cikin abin nan. Shina ganinmu!"

Maganar ta fita ta bayan bargon. A waje aka ɗauka: sihiri ne, boka ne, shi ya sa harsashi ba ya kama mutanen daji. Wani ya fara dukan ƙyauren. Mas'udu ya ji ƙarar kunamar bindigar Gide a bayan kunnensa.

Abin da ya fito daga bakinsa ba shi ya shirya ba. Shekaru ya yi yana jin wannan kuskuren daga bakin ɗalibai, kuma kullum yana ɓata masa rai.

"A'a! Ba haka na ce ba! Kai ba ka saurare ne? Ɗazu da jeren ya fito, ba kallonsa kake ba? Idanu nawa ne a ɗakin nan? Ya ɓace don kun kalla? Haske ba shi da hankali, bai san kowa ba. Ba idon mutum ba ne, alamar ce! In an bar wata shaida da za ta nuna hanyar, ko ba wanda ya duba ta, ko duk mun fita mun rufe ɗakin, jeren ba zai fito ba. Wannan shi ake nufi da lura a ilimin nan. Maimaita abin da na ce!"

Sai a lokacin ya tuna wa yake yi wa tsawa, da abin da ke bayan kunnensa.

Baba Mani ya yi wata 'yar dariya ta hanci, guda ɗaya. "Nasir, an ce ka maimaita."

Nasir bai maimaita ba. Mas'udu ya ɗauki guntun leda na uku da hannun hagu, ya riƙe shi a karkace tsakanin silin da bango. "Wannan na goge alamar," ya ce a hankali. "Bayan ta, ba mai iya cewa dama ko hagu." Jeren ya dawo, dishi-dishi, da ƙyar ake ganinsa. Kafin tsohon ya gama dubawa hasken ya yi ja-ja ya mutu. Batirin ya ƙare.

Suka tsaya cikin duhu. Daga masallaci aka kira La'asar.

"Ni ban gane rabin abin da ya faɗa ba," in ji Baba Mani. "Amma na ga masu roƙon rai da yawa a shekarun nan. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya gyara wa mai bindiga karatu ba. Wannan malamin makaranta ne."

"Malamin makaranta ba ya zama infoma?" Muryar Gide ta fashe. "Baba, ni na wanke Yahya. Ni na ga ramin da ke ƙirjinshi. Wani ya nuna gidanshi, kuma wanda ya nuna shina yawo da ƙafafunshi. Kullum sai a ce mani ba wannan ba ne, ba wancan ba ne. To wane ne?"

"Ban sani ba, Gide. Shi ya sa ba za a kashe wannan a garina ba. Ba kuma zan sake shi ba, mutanen waje ba za su bari ya kai bakin gari ba. A kai shi wurin sojoji a mararraba, su bincika."

"Ni zan kai shi," in ji Gide.

Tsohon ya nuna shi da sandarsa. "Kai za ka kai shi. Kuma gobe zan aika a tambaya ko ya isa."

Bayan salla aka sake ɗaure hannuwansa, aka fitar da shi ta bayan gida. Hanyar mararraba ta ratsa gonakin dawa da ta fi mutum tsawo. Mas'udu na gaba, Gide na baya da bindiga, babu na uku. Tun da suka shiga dawar Mas'udu ya san nan ne za a kashe shi. Wa zai gani? Gide zai ce ya yi yunƙurin gudu, kuma ba wanda zai tsananta tambaya. Ya yi kalmar shahada, ya sake yi. Ya yi tunanin Bilki, ko ta haihu, ko tana raye, ko za a taɓa gaya mata inda ya ƙare. Kowane taku yana jin tsakiyar bayansa na zafi, wurin da harsashin zai shiga.

"Tsaya," in ji Gide.

Ya tsaya. Ya durƙusa a kunya. "Yallaɓai, matata na kan gwiwa. Ban san ɗan'uwanka ba. Allah ya jiƙansa, wallahi ban san shi ba."

Gide ya zagayo gabansa. Ya ciro fitilar daga aljihu, ya ɗora ta a kan dutse, ya sa gindin bindiga ya yi ta dukanta har ta zama gutsattsari. Bai daina ba sai da numfashinsa ya sarƙe. Ya zauna a kan kunyar yana share fuska da hannun riga.

Can ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "In ba ka sa ledar ba. Ƙwayar nan taka. Ta ina ta bi, tsakani da Allah?"

Mas'udu ya so ya ba shi amsar da za ta faranta masa, amma bai san wacce ba ce. "Ba a sani ba. Ba wai an ɓoye ba ne. Masana da yawa na cewa tambayar ma ba ta da amsa sai an auna."

"Karatun banza," in ji Gide. Ya tofar da yawu, ya miƙe. "Tashi mu tahi, rana na faɗuwa."

Ya miƙa shi ga sojoji kafin Magariba, ya juya bai yi sallama ba.

Mas'udu ya yi kwanaki a tsare, ana tambayarsa abu ɗaya safe da yamma. Wani direban babbar mota da ya ji labarinsa ya kai saƙo Ƙanƙara da baki, shugaban makarantarsu ya zo da kansa ya shaide shi. Da aka sake shi bai koma gida ba, ya hau motar Sabuwa, daga can ya sami mai babur zuwa Damari.

Ya tarar an yi suna. Mace ce, an sa mata Najiba. Bilki ta sha wuya, ta zubar da jini da yawa, tana kwance ba ta iya tashi zaune sai an tallafe ta. Da ta gan shi a bakin ƙofa ta fashe da kuka, ta ce ta ɗauka ya manta da su. Ya ce mota ce ta ba su matsala a hanya. Ya karɓi jaririyar da hannun hagu, ya ɓoye na daman cikin aljihun riga.

Surukinsa, Alhaji Salahuddeen, ya lura. Bai tambaye shi komai a gaban mata ba. Ya ja shi zaure, ya ce ya fito da hannun, ya duba, ya aika a kira maɗori. Maɗorin ya taɓa yatsun, ya girgiza kai, ya ce sun fara kamewa a karkace, in ana so ya sake riƙe alli sai an ɓalle su an ɗora sabo.

"Yanzu ko sai ka huta?" in ji Alhaji.

Mas'udu ya dubi ƙofar cikin gida. Ɗakin Bilki na kusa, za ta ji. Ya cire hularsa, ya ninke ta, ya cusa a baki, ya miƙa hannun.